An sa sabuwar sarƙar tayimin kuma mota ta tashi, amma wannan bai isa shaida ba

A yawancin garejinmu gwaji ɗaya ake yi wa injin bayan an sauya masa sarƙar tayimin, wato a murɗa makulli. In ta tashi, yaron gareji ya taka totur sau biyu, oga ya ce, “Alhaji, an gama,” a rufe bonet. Sai bayan mako ɗaya ko biyu mai mota ya fara lura cewa man da ke kai shi Zariya daga Kano ya dawo da shi yanzu ba ya isa, motar tana nauyi a hawa, silo ɗinta yana rawa, fitilar cek injin kuma ta kunna. Daga nan a shiga sauya fulogi, a wanke nozul, a zargi gidan mai, alhali sarƙar ce ta zauna da kuskuren haƙori ɗaya tun ranar da aka ɗaura ta.

Injin da tayimin ɗinsa ya kauce da haƙori ɗaya yana tashi, yana kuma tafiya. Shi ya sa tashin mota ba ya tabbatar da komai sai cewa kuskuren, in akwai shi, bai kai na fasa ƙarfe ba.

A cikin injin mai bugu huɗu, fistin yana sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta tunkuɗo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin wannan ya kammala kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a ƙasan injin, ya juya sau biyu, digiri 720 ke nan, kamshaf kuwa, wanda ke buɗe bawul, wato ƙofofin shaƙar iska da fitar hayaƙi, sau ɗaya tak. Sarƙar ita ce ke riƙe wannan alkawari na biyu da ɗaya, shi ya sa haƙoran giyar kam suke ninka na giyar kiranshaf. Mu ɗauka giyar kam tana da haƙora 36, ta ƙasa tana da 18. Haƙori ɗaya a sama digiri 10 ne na kamshaf, wanda ya zama digiri 20 na kiranshaf. Injiniyoyin da suka ƙera injin sun yi ta gwaji a kan digiri biyu ko uku kafin su tsayar da lokacin buɗewa da rufewar kowane bawul. Bakanike da ya ce “haƙori ɗaya ne kawai” ya gusar da aikinsu da digiri 20.

Ɓangaren da kuskuren ya faɗa shi ma yana da tasiri. In kam ya yi jinkiri, bawul ɗin shaƙa yana makara wajen rufewa, fistin ya fara hawa ya mayar da wani ɓangare na abin da ya shaƙa, matsi ya ragu, mota ta rasa ƙarfi daga ƙasa. In ya yi gaba, tana iya zabura da kyau a tashin farko har mai ita ya ji daɗi, amma ta shaƙe idan an buɗe mata wuta a babbar hanya. A haƙora biyu ko uku kuwa maganar ta wuce ta shan mai. Galibin injinan zamani an matse su ne ta yadda fistin da bawul suke amfani da fili ɗaya a lokuta daban-daban, kamar mata biyu masu lugude a turmi guda, taɓarya ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Da zarar ɗaya ta saɓa kiɗan, taɓare su gwaru. A injin, bawul ne ke lanƙwashewa, kuma kik ɗaya ya isa.

Akwai wata tsohuwar al'ada da ke ƙara rikita lamarin. A zamanin Peugeot 504 da 505, lokacin da injin ke da distiributa, bakanike yana iya sassauta noti ya murɗa ta har sautin injin ya daidaita a kunnensa. Abin da yake gyarawa a nan lokacin faɗuwar wuta ne, ba lokacin buɗewar bawul ba, amma tun da duka biyun tayimin ake ce musu, mutane da yawa sun tashi da tunanin cewa tayimin abu ne da ake iya “gyarawa da kunne” bayan an rufe injin. Corolla mai injin 1ZZ-FE, da Camry mai 2AZ-FE, da Accord mai K24, babu distiributa a cikinsu. Kwamfutar mota ce ke ba da wuta bisa abin da sensa ɗin kiranshaf da na kamshaf suka gaya mata. In sarƙa ta zauna ba daidai ba, babu abin murɗawa daga waje, sai an sake buɗe murfi.

Don haka binciken gaskiya ana yin sa ne tun murfin gaba yana ƙasa, kafin a shafa gam.

Sabuwar sarƙa tana zuwa da wasu gaɓoɓi masu launi, rawaya ko ruwan lemo ko wani launi dabam, waɗanda ake dasa wa a kan makin da ke jikin giyoyi. Suna da amfani ƙwarai wajen ɗaurawa, domin kamfani ya riga ya ƙirga adadin gaɓoɓin da ya kamata su kasance tsakanin giya da giya. Amma amfaninsu ya ƙare daga lokacin da aka fara juya injin. A nan ne masu koyo da yawa suke ruɗewa. Yaro ya ɗaura sarƙa daidai, ya juya injin sau biyu, ya ga gaɓa mai launi ba ta dawo kan maki ba, hankalinsa ya tashi, ya kwance aikin da ba shi da laifi. Ba za ta dawo ba. A kowane zagaye kiranshaf yana jan gaɓoɓi daidai yawan haƙoransa ne kawai. In da sarƙa tana da gaɓa 130, giyar ƙasa tana da haƙora 18, sai an juya kiranshaf sau 130 kafin duk launukan su sake haɗuwa da makinsu gaba ɗaya. Abin da ake dubawa bayan juyi shi ne makin giya da makin da ke jikin injin kansa, wanda ba ya motsi, ko makin giya biyu da ya kamata su fuskanci juna, yadda littafin wannan injin ya nuna.

Ita kanta juyawar tana da ƙa'ida. A cire batir, a cire dukkan fulogi don kada matsi ya hana a ji abin da ke faruwa a ciki, a sa giya a firi, a ɗora soket a kan babban bolt ɗin kiranshaf, a juya da hannu a hankali ta ɓangaren da injin ke juyawa idan yana aiki. A yawancin motoci hannun agogo ne in ka tsaya a gaban fuli. Zagaye biyu cikakku. Hannu zai ji nauyi ya zo ya wuce, wani lokaci kam ya ɗan zabura gaba da kansa saboda sifirin ɗin bawul yana tura shi, duk wannan ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne tsayawa cak, irin ta ƙarfe ya daki ƙarfe. In an ji haka a tsaya nan take. Wanda ya ƙara wa sufana bututu don ya tsallake wannan wurin, da hannunsa ya lanƙwasa bawul.

Kada kuma a juya baya don a gyara maki in an ɗan zarce. Sarƙa tana da ɓangaren da ke ɗaure, wanda kiranshaf ke ja, da ɓangaren da ke sako-sako, inda tenshina, wato abin da ke ɗame sarƙar, ke turawa. Juyawa baya tana mayar da sakin zuwa ɓangaren da bai kamata ba, maki ya nuna ƙarya, a wasu injinan ma sarƙar ta tsallake haƙori tun da babu matsin baƙin mai a cikin tenshina. In ka wuce, ka ƙara zagaye biyu ka iso a hankali. Ba wani lokaci mai yawa zai ci ba.

Tenshinar ma sai an tabbatar an sake ta kafin a amince da kowane maki. A 1ZZ da 2AZ ana shigar da ita ne a danne, wani ɗan ƙugiya yana riƙe da harshenta. Bayan an ɗaure ta, ana ɗan juya kiranshaf baya kaɗan, a nan littafin Toyota da kansa ya yarda da hakan, don ƙugiyar ta kuɓuce, sannan a juya gaba a ga harshen ya fito ya tokare sandar da sarƙa ke zamewa a kai. In an manta, injin zai tashi da sarƙa tana lilo.

Sai batun da nake ganin ya fi kowanne yaudarar ƙwararru, ba yara kaɗai ba, wato giyar VVT-i da takwarorinta irin su VTC na Honda. Wannan giya gida biyu ce. Na waje yana da haƙora, sarƙa ke jan sa, na ciki kuma yana ɗaure da kamshaf, baƙin mai ne ke shiga tsakaninsu ya karkatar da na ciki gaba ko baya bisa umarnin kwamfuta. Idan an kashe injin, wani ɗan fin yana faɗawa rami ya kulle su wuri ɗaya, kuma a kam ɗin shaƙa na waɗannan injinan wurin kullewar shi ne ƙarshen jinkiri. Makin tayimin yana jikin gidan waje. Ma'ana, in fin bai kulle ba, maki zai zauna daram a inda ake so, gaɓa mai launi ta hau kansa, amma kamshaf ɗin da ke buɗe bawul yana can wani wuri dabam. Gwajin mai sauƙi ne. A jikin kamshaf akwai wurin da aka yi wa kusurwa shida don sufana. A riƙe giya, a gwada motsa kam. In ya motsa giya ba ta motsa ba, ba a kulle take ba. In kuma an juya shi har ƙarshe ya ƙi kullewa, giyar ta mutu, kuma ita ce sau da yawa ke yin ƙarar “garrr” ɗin nan ta daƙiƙa biyu da safe wadda aka ɗora wa sarƙa laifinta. Mutane da dama sun sayi sarƙa a Ƙofar Ruwa ko Panteka, an ɗaura, washegari da asuba ƙarar tana nan yadda take.

Makin fuli ma ba a ba shi amana gaba ɗaya. Fulin kiranshaf ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, kuma tsagar da ake daidaitawa da sifilin da ke jikin murfi tana kan zoben waje. Roba da ta sha zafi shekara da shekaru tana iya saki, zoben ya zame, maki ya tafi da shi. Hanyar tabbatarwa ita ce a zura doguwar sanda mai tsabta ta ramin fulogi na silinda ta ɗaya, ta zauna a kan fistin, a riƙa juyawa ana kallon hawanta. Sai dai fistin yana ɗan dakatawa a ƙoli, kiranshaf yana tafiya digiri da dama sandar ba ta nuna motsi ba. Don haka mai hankali yakan yi alama a inda sandar ta daina hawa, ya yi wata a inda ta fara sauka, ya ɗauki tsakiya. Mai agogon awo na dayal ya fi samun daidai, amma ko da sanda ana iya gane kuskuren da ya kai haƙori.

Da fistin na ɗaya yana ƙoli, akwai shaida ta biyu da ba ta dogara da kowane maki ba. A injin mai silinda huɗu da ke ba da wuta a jerin 1-3-4-2, fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa. In na ɗaya yana ƙarshen matsi, duk bawul ɗinsa a rufe, to na huɗu yana daidai gaɓar da bawul ɗin hayaƙi ke gama rufewa, na shaƙa kuma ke shirin buɗewa. A dubi ƙullutun kam a kan silinda ta huɗu. Ya kamata na hayaƙi yana barin wurinsa, na shaƙa yana isowa, kusan daidai wa daida. In ɗaya ya danne bawul sosai ɗayan kuma yana nesa, akwai magana, ko me maki ya ce.

Wannan duka a injin mai kai ɗaya ne. V6, wato mai silinda shida a kai biyu, irin 2GR-FE da ke cikin Highlander da Sienna da Lexus RX350, ko VQ35DE na Nissan Murano da Pathfinder, sarƙa uku ce ke aikin tayimin. Babba tana tasowa daga kiranshaf ta ja kam ɗin shaƙa na kowane ɓangare, sai ƙanana biyu da ke haɗa kam ɗin shaƙa da na hayaƙi a kowane kai. Kamshaf huɗu ke nan, kuma kowanne yana iya kaucewa shi kaɗai. Ƙananan su ake fara ɗaurawa, suna ɓuya a bayan babbar, shi ya sa su ne aka fi mantawa a sake dubawa. A VQ35 akwai wani tarko na musamman, domin giyoyin ƙananan sarƙoƙin suna ɗauke da maki iri biyu, zagayayye da mai siffar ƙwai, ɗaya na ɓangaren dama ne ɗaya na hagu. Wanda ya yi amfani da maki iri ɗaya a duka ɓangarorin zai samu injin da rabinsa ke aiki daidai rabi kuma yana ja da baya.

Wasu injinan kuma ba su da maki sam. Injin mai lita 2.0 da 2.3 na Mazda 3 da Mazda 6, wanda kuma ake samu a Ford Focus da Escape, giyar kiranshaf ɗinsa ba ta da ki, wato ɗan ƙarfen da ke kulle giya a wuri ɗaya a kan sandarta. Matsin babban bolt ne kawai da wasu zobban ƙarfe masu kaushi ke riƙe ta. Da ka sassauta bolt ɗin fuli, tayimin ya tafi. Ana saita shi ne da fin na musamman da ake ɗaurawa ta gefen bulok ya tokare kiranshaf, da wani shafaffen ƙarfe da ke shiga tsagar bayan kamshaf biyun. V6 mai lita 4.0 na Ford Explorer mai kam a sama shi ma giyoyin kam ɗinsa ba ki, kuma ɗaya daga sarƙoƙinsa a bayan injin take. A irin waɗannan, gwajin bayan zagaye biyu shi ne a sake mayar da kayan kullewar. In sun shige ba gardama, tayimin ya zauna. Bakaniken da ba shi da waɗannan kayan, ya ce zai yi da fenti da ido, caca yake yi da injin mutum, kuma gara ya faɗa wa mai mota gaskiya tun kafin ya taɓa bolt.

Wani ƙaramin abu da ya shafe mu musamman saboda zafin ƙasarmu shi ne injin da ya taɓa tafasa aka kai tof silinda aka goge. Gugar tana rage tazarar da ke tsakanin kiranshaf da kamshaf, tenshina ta haɗiye rarar sarƙar, kam ya ɗan koma baya. A irin wannan injin maki zai iya kaucewa da ɗan kaɗan ko da komai sabo ne. Wannan bai kai rabin haƙori ba, kuma ba a gyara shi da tsallakar da sarƙa. Wanda ya tsallakar ya mayar da ƙaramin saɓani babba.

Kafin a mayar da murfi a Corolla ko Camry, a dubi siririn faifan nan mai haƙora da sensa ɗin kiranshaf ke karantawa. Akwai harafin F a fuska ɗaya, kuma waje yake kallo. In aka kifa shi, sarƙa tana daidai, bawul suna daidai, amma kwamfuta tana karanta wuri dabam, mota ta ƙi tashi ko ta tashi tana tari, a yi ta neman laifi inda babu shi. Gam kuma a shafa siriri. Rarar da ta matso ciki tana yankewa ta bi baƙin mai ta toshe 'yar rariyar da ke kai mai ga VVT, sai ga alamun lalacewar tayimin a injin da tayimin ɗinsa lafiya lau.

Bayan an rufe, gam ya sha iska, kada a tayar kai tsaye. A cire fiyus ɗin famfon mai, a yi kik har fitilar baƙin mai ta mutu, don tenshina ta cika kafin injin ya ɗauki gudu. Tun da fulogi suna waje, lokacin ne ya fi dacewa a auna matsin kowace silinda. Karatun yana da fassara. In duka huɗun sun yi ƙasa tare kuma kusan daidai da juna, zargi ya koma kan tayimin. In ɗaya ko biyu suka faɗi warwas sauran suna lafiya, bawul ne ya lanƙwashe, wataƙila tun lokacin da tsohuwar sarƙa ta tsallake, kuma sabuwar ba za ta miƙe shi ba. A V6, in silinda uku na ɓangare ɗaya suka bambanta da ukun ɗaya ɓangaren, an san kan da za a buɗe. Agogon auna zuƙar iska shi ma yana taimakawa. Lafiyayyen injin a silo yakan nuna inci 17 zuwa 21 allura a tsaye, kam mai jinkiri kuwa yakan saukar da ita ƙasa sosai ba tare da ta yi rawa ba. A tuna dai wannan awo na bakin teku ne, a kan tudu irin Jos karatun yakan sauka da wajen inci huɗu ko da injin ba shi da laifin komai.

Sannan a jona na'urar sikanin. Lambobin da ke nuna saɓani tsakanin kiranshaf da kamshaf su ne P0016 zuwa P0019. P0016 kam ɗin shaƙa ne na ɓangare na ɗaya, P0017 na hayaƙi, P0018 da P0019 kuma takwarorinsu a ɓangare na biyu. Honda ta zamanin K24 takan ba da P0341. P0011 da P0012 sun fi karkata ga VVT, ko dai ya zarce gaba ko ya maƙale baya, kuma ƙazamin baƙin mai kaɗai yana iya jawo su. Abin da mai mota ya kamata ya sani shi ne a motoci da yawa, har da Toyota, kwamfuta ba ta kunna fitila a karon farko da ta ga saɓanin. Takan ajiye lambar a jerin masu jiran tabbaci, sai ta sake gani a tafiya ta gaba. Don haka fitila a mace a bakin gareji ba ta wanke aikin ba. A fita da motar ta yi zafi sosai, a kashe, a sake tayarwa a zaga, a dawo a duba har da lambobin da ke jira, a kuma kalli kusurwar VVT kai tsaye a na'urar, wadda a silo ya kamata ta tsaya kusa da sifili, daidai da abin da kwamfuta ta nema. In P0016 ta fito aka goge ta, ta sake fitowa, sauya sensa ba zai kore ta ba. Murfin gaba ne za a sake buɗewa.